Kiran Sallar da Ban Goge Ba

Kowa ya ɗauka aikina magana ne. Mahaifiyata ma abin da take faɗa wa maƙwabtanmu a unguwar Ranuna ke nan, wai Hanan tana ɗora murya a kan hotunan birai. Ku 'yan matan da kuka cika mini waya da saƙo, kowace tana cewa muryarta ta fi ta 'yar rediyo, a koya mata, ku na rubuta wa wannan, don na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Murya ce abu na ƙarshe da ake nema a sana'ar nan. A mako guda, maganar da nake yi a gaban makirfo ba ta cika rabin awa. Sauran duk saurare ne da gogewa. Ana turo mini bidiyon kurmi, in cire masa duk abin da zai nuna wa mafarauci hanya, sannan in bar shi ya fita duniya. In na yi kuskure, ba a kaina yake faɗawa ba. A kan wata dabba yake faɗawa can, wadda ba ta ma san da ni ba.

A Madina aka haife ni, kuma har yau ban taɓa taka kurmi ba. Kurmin da nake wa aiki yana kudancin Najeriya, wajen iyakar Kamaru. Sunan garin ba zan rubuta ba, in kun karanta zuwa ƙarshe kuma ba za ku sake tambaya ba. Masu gadin dajin ne suka haɗa wata 'yar ƙungiya. Suna da hotuna, ba su da mai jin su. Su kuwa dillalan da ke karɓar dabbobi daga hannun masu tarko, su haura da su arewa, su tsallako da su har ƙasar nan, da yawansu Hausa suke ji, kuma a cikin masu saye akwai mutanenmu. Shi ya sa ake son saƙon da Hausa. In kun ce to me ya haɗa Madina da wannan, ku duba: duk mai bidiyon da Hausawa ke bi a waya, na Kano ne ko na Maraɗi ko na Kumasi, wata rana sai ya zo ziyara. Ɗan jarida ma haka. A nan suke da natsuwa, a nan zuciyarsu take da laushi, a nan nake tare su in ba su hotuna da bayani, su kai wa mutanensu.

Ranar farko da na je gidan Anti Zulai a unguwar Ƙiblatain, har da alawar maƙogwaro na tafi, a zatona karatu za a sa ni. Tsohuwar ma'aikaciyar rediyo ce a gida Najeriya, aure ya kawo ta, mijinta yana koyarwa a jami'a, kuma ita ce ta fara wannan aikin. Ni kuwa na gama sakandare ina zaune. Ko tambayar muryata ba ta yi ba. Ta juya fuskar kwamfuta ta kalli bango, ta ɗora mini samma'a, wato abin sauraro, irin babbar nan da ke rufe kunne ruf, ta kunna wani bidiyo na minti ɗaya, ta ce in faɗi abin da na ji. Na ce tsuntsaye da ruwa. Ta sake kunnawa. Na ce tsuntsaye da ruwa da iska. Ta sake. Sai a karo na bakwai na ji zakara, can ƙasa-ƙasa. A na tara na ji babur yana canza giya kamar mai hawan tudu. A na goma sha ɗaya na ji wani kwandasta yana kiran sunan gari, sau biyu, da nisa sosai, a bayan kukan wani tsuntsu. Na faɗa mata sunan. Ta cire mini samma'ar ta ce, “Ke kin ji daji. Dillali ya ji adireshi.”

Wata huɗu ba ta bar ni na taɓa makirfo ba. Sau uku na yi niyyar barin aikin, don ni ba mai haƙuri ba ce, duk gidanmu sun sani. Abin da ya riƙe ni wani abu ne da ya fara faruwa da ni. In na daɗe da samma'a a kai, ido a rufe, sai ɗakin ya ɓace. In ji wani abu yana taka busasshen ganye a bayana ta hagu, in waiga, bango ne da kalanda. Har yau ina waigawa.

Akwai wani bidiyon giwayen kurmi da aka turo mana, daga irin kyamarar da ake ɗaure wa bishiya a tafi a bar ta. Giwa uku suka wuce, uwa da manyan 'ya'ya, hoto mai kyau, kowa ya ce a sake shi. Ni aka ba in duba jelar bidiyon, wurin da ba komai sai ganye. Minti huɗu bayan wucewarsu na ji taku. Ba na dabba ba ne, takalmin roba ne a cikin laka, ana ɗagawa a hankali. Ya zo daidai bayan kyamarar ya tsaya. Na ji numfashinsa. Ya daɗe a tsaye yana kallon abin da nake kallo, bai taɓa shiga hoto ba, sannan ya bi sawun giwayen. A ranar muka kira masu gadi. Ranar ce Anti Zulai ta ce gobe in zo da alawar tawa.

Kayan aikin ba su da yawa. Samma'a mai kyau, wadda ke raba hagu da dama, ita ce gaba da komai, kada ku zo mini da 'yan ƙananan nan na waya. Sai rakoda, sai kwamfuta, sai littafin da nake rubuta kowane sakan da abin da na ji a cikinsa. Ɗakin ɗaukar murya kuwa dulab ɗin kayana ne. In shiga tsakanin abayoyi in jawo ƙofa, su shanye amsa-kuwwa. Sai an kashe mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, an cire firji daga wuta, ko da a tsakiyar zafin bazara ne, mahaifiyata tana falo tana fifita tana roƙa mini shiriya. Kuma dole ki san lokutan sallah kamar sunanki, don a unguwarmu masallatai sun kewaye mu, in ladanai suka fara babu abayar da za ta tare su. Tsakanin hantsi da azahar nake ɗauka. Ku riƙe wannan: na fi kowa sanin yadda kiran sallah ke shiga rakoda. Ba ni da uzurin rashin sani.

Ɗan jarida abu uku yake so: ina ne, yaushe ne, wa ya faɗa. Duk ukun nake hana shi, shi ya sa ba mu cika rabuwa lafiya ba. Akwai wanda ya zaunar da ni a harabar otal ɗinsu kusan awa yana yi mini bayanin cewa labarin da ba shi da wuri ba labari ba ne. Na ce ya rubuta “kurmin kudu”, in bai yi masa ba ya mayar mini da hotunana. Ya rubuta. Masu bidiyo kuma nasu ciwon daban ne, dabba a hannu suke so. Ɗan biri a kafaɗa, tsuntsu yana cin dabino daga bakin mutum. Sun san shi ke jawo kallo. Abin da ba sa son ji, mai kallon ba cewa yake a kare su ba, cewa yake a ina zan samu. Dokokin Anti Zulai huɗu ne: ba dabba a hannun mutum, ba dabba a cikin gida, ba sunan wuri, kuma ba a sakin hoto sai yanayin da aka ɗauke shi ya wuce.

Cikinsu duka, wanda na fi aiki da shi Muntasir ne. Ɗan Zariya ne, ya gama jami'a a nan, yana zagayawa da maziyarta Uhudu da Ƙuba, yana ɗaukar bidiyo a hanya, jama'a kuma suna bin sa sosai. Ba mugu ba ne. Yana son tsuntsayen da gaske. Sai dai in ya ga abin da zai tashi a waya, ba ya iya haƙuri sai ya ɗora. Yana kira na Ustaza Goge-goge, ni kuma in ce masa Ustaz Ɗora-ɗora.

Shekarar da aka sake buɗe Umra bayan korona ita ce muguwar shekarata. Anti Zulai ta koma gida jinyar mahaifiyarta, ta bar mini komai. A lokacin ne Baba Ojong, babban mai gadin dajin, ya turo wani bidiyo. Shi ɗan can ne, ba Musulmi ba ne, Hausarsa ta zango ce, a wajen 'yan goro ya koya. Ya shekara biyu yana neman inda tsuntsayen aku ke kwana, irin masu ruwan toka da jar wutsiya, sai ya samu: wasu dogayen bishiyoyi a bakin kogi. Ya ajiye kyamara da yamma. Rana na faɗuwa suka fara zuwa, biyu-biyu, goma-goma, har sama ta cika, ana fito ana ihu kamar kasuwa ta ci. A daidai lokacin, daga tsallaken kogi, wani ladani ya kira magariba. Akwai ɗan zangon Hausawa a can, da masallaci, da tsohuwar lasifika.

Tsoho ne, ana ji. Kafin ya fara sai ya ƙwanƙwasa makirfo sau uku. In ya kai hayya alal falah ta biyu sai muryar ta tsage, ya tsaya, ya yi tari biyu, gajere da dogo, sannan ya ƙarasa. Tsuntsayen suna ta zuba a kan muryarsa.

Na yi aikina. Na yanke wani dutse mai kai biyu da ya fito a gefe. Na goge bayanin wuri da kyamara ke liƙa wa hoto. Na cire ƙarar wani kwalekwale mai inji. Na jira damina ta wuce. Na rubuta a littafina da hannuna, “kiran sallah, daga sakan na arba'in zuwa ƙarshe”, har na ja layi a ƙarƙashi. Sannan na bar shi. Muntasir ya roƙa a bari, gaskiya ne, amma ba shi ne mai samma'a ba. Ni ce na ce a raina masallatai nawa ne a Najeriya, wa zai gane tsoho ɗaya? Kuma na san in Bahaushe ya ji magariba a tsakiyar kurmi, tsuntsaye suna sauka, zai tsaya ya kalla.

Muntasir ya ɗora a shafinsa, sun tsaya kuwa. Ba mu taɓa yin abin da ya zagaya haka ba. 'Yan jarida suka riƙa kira, malamai suka riƙa kawo shi a wa'azi. Kwana huɗu ina yawo kamar na ci gasa. A na biyar, ina shan shayi ina karanta abin da mutane suka rubuta a ƙasan bidiyon, na ga wani ya ce: “Allah sarki, Malam Tanko yana nan da ransa? Na sha kwana a zangonsu lokacin ina harkar goro. Har yanzu tarin nan bai bar shi ba.” A ƙarƙashinsa wani ya tambaya wane zango ne. Mutumin nan, da zuciya ɗaya, ya faɗa, har da inda ake sauka daga mota.

Kafin shayin ya huce na sa Muntasir ya sauke bidiyon. Amma abin da ya kwana huɗu a wayoyin mutane ba ya saukuwa.

Baba Ojong bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi. Abin da ya riƙa yi, duk wata sai ya je wurin nan da yamma, ya ajiye rakoda minti goma, ya turo mini, ko kalma ɗaya ba ya haɗawa da shi. Na wata na farko kamar da. A na uku ana iya ƙirga muryoyin. A na biyar na ji abin da in ba mai samma'a ba, ba zai gane ba. Tsuntsun da ke sake, a kunne yawo yake, ya taso daga hagu ya wuce dama. Wannan kuwa guda ɗaya ne, yana kuka a wuri ɗaya, bai gusa ba har minti goman ya ƙare. Na tambayi Baba Ojong. Ya ce haka masu tarko ke yi, sai su ɗaure ɗaya a reshe, su shafe sandunan da ke kewaye da shi da danƙo, kukansa ya kira sauran. Na wata na takwas: kogi, ƙwari, ƙwanƙwasa uku, Malam Tanko ya kira magariba, ya yi tarinsa, ya ƙarasa. Sai kogi. Na saurare shi sau goma sha ɗaya yadda aka koya mini, ko akwai wani abu can ƙasa-ƙasa. Babu.

Daga baya ya gaya mini ba duka aka kwashe ba. Ragowar, ba su da yawa, sun tashi sun koma can saman kogi, inda shi da mutum biyu kaɗai suka sani. Ni ma bai faɗa mini wurin ba, kuma ya yi daidai. Tun daga nan aikina ya koma abu ɗaya: kada wani abu ya fita daga hannuna da zai sa a sake bin kogin nan.

Bana, wata ranar Talata, Muntasir ya kira ni yana haki. Wai an ba shi labarin wani aku a unguwar Jurf da ke kiran sallah tun daga farko har ƙarshe. Gidan mata ne, maigidan ya rasu, shi ba zai iya shiga ba, in taimaka in ɗauko. Na tuna masa doka ta biyu. Ya ce in je dai in gani, gani ai ba ɗorawa ba ne. Na yarda, don dama ina shiga irin gidajen nan in duba ko tsuntsu yana da zobe a ƙafa. Wanda aka ƙyanƙyashe a gona, tun yana tsako ake zura masa zobe, ya girma da shi. Wanda aka kamo a daji ba shi da shi.

Matar gidan Ummu Faisal ce, dattijuwa, jikar Hausawan da suka zo da ƙafa tun zamanin da. Tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsawa. Ta ba ni gahawa da dabino, ta kai ni wani ɗan ɗaki a ƙuryar gidan. Kejin yana kusurwa. Babu zobe. Ƙirjin tsuntsun tas, ya fige gashin da kansa, sai fata. Ya karkata kai ya dube ni da ido ɗaya. Ta ce ɗanta ne ya sayo mata shi don ya ɗebe mata kewa, mai sayarwa ya rantse a gona aka haife shi. Ta ce ba ya gaisuwa, ba ya kiran sunan kowa, duk abin da jikoki suka koya masa ya ƙi. Abu ɗaya yake yi, sau ɗaya a rana, in an kira la'asar ladanan unguwa sun yi shiru. Ta ce jikokin sun daina shiga ɗakin.

Na roƙe ta ta kashe mukayyif. Na ajiye rakoda, na sa samma'a, na zauna a ƙasa. Muka yi kusan awa. Aka kira la'asar, masallacin kusa, na nesa, na bayansa, har na ƙarshe ya sauke. Ɗakin ya yi tsit, ina jin numfashin Ummu Faisal a kunnena na dama.

Sai na ji ƙwanƙwasa. Sau uku. Ba baki yake bugawa a keji ba, ina kallon sa, bai motsa ba. Ƙarar yatsa ce a kan makirfo, har da ɗan kukan nan da tsohuwar lasifika ke yi. Sannan murya ta fito, ta tsoho, siririya, kamar daga tsallaken ruwa. Bakin tsuntsun a ɗan buɗe kawai, maƙogwaron yana motsi. Na san inda za ta tsage tun kafin ta kai. Ta kai hayya alal falah ta biyu, ta tsage. Tari biyu, gajere da dogo.

Da ya ƙarasa bai yi shiru ba. Ummu Faisal ta kama hannuna ta ce wannan ne abin da yaran ke tsoro. Daga maƙogwaro ɗaya na ji tsuntsaye da yawa suna ihu a matsattsen wuri, fukafukai suna bugun katako. Na ji ana buga ƙusa. Na ji wani namiji, da Hausa, a gajiye, yana cewa, “Rufe, rufe.” Sannan tsuntsun ya sauke kai ya ci gaba da fige ƙirjinsa.

Ba aljani ba ne, kada ku fara. Aku abin da ya ji yake maimaitawa. Kuma daga kan bishiya a tsallaken kogi ba zai riƙe ƙarar yatsa a kan makirfo ba. Sai an ajiye shi dab da lasifikar, kwana da kwanaki, yana ji sau biyar a rana. Ya'ani akwatunan da aka zuba tsuntsayen a ciki a zangon suka zauna, a jikin masallacin, kafin a loda su.

Na ciro waya na nemo tsohon bidiyon, na miƙa mata ba tare da bayani ba. Ta kalli sama cike da tsuntsaye, ta ji ƙwanƙwasa uku, ta ji tarin. Ta juya ta kalli keji. Sannan ta yi magana da wata tsohuwar Hausa irin ta kakanni, wadda ban zaci tana da ita ba.

“Duk waɗannan, ina suke yanzu, ɗiyata?”

“Khala, ɗaya ga shi nan.”

Ta ce ita da ko tattabarar Harami ba ta taɓa kora ba, don tun tana yarinya aka gaya mata a garin nan ba a firgita tsuntsu. Na roƙe ta abu ɗaya, kada kowa ya ɗauki tsuntsun nan a waya, jika ne ko baƙo. Ta ce wallahi, halas, an gama.

Muntasir yana mota a ƙofar gida tare da yayana da ya kawo ni. Na ba shi samma'ar ya ji. Ina kallo gashin hannunsa ya tashi. Ya cire ya ce wannan ne bidiyon da muka daɗe muna jira: a sa tsohon bidiyon, a biyo shi da wannan, duniya ta ga abin da dillalai suka yi. Ya ce yau ɗin nan zai kira 'yan jarida biyu. Ya ce a rufe da hoton ragowar tsuntsayen in Baba Ojong zai ba mu, don mutane su san akwai sauran fata.

Na ce, “Ustaz, mutum nawa ne za su ji ƙusar?”

Ya ce kowa mana.

“Ƙarya ne. Ni na ji ta don sana'ata ce. Su abin da za su ji, aku yana kiran sallah a Madina. Kafin Juma'a kowace Hajiya tana son irinsa a falonta. Kuma dillali ya san zangon da suke koyo.”

Ya ce ai na can an riga an kwashe. Na ce saura na saman kogi, kuma wanda aka ce ya kawo, zai bi ruwa har ya same su. Ya ce ni in aka biye mini sai na goge kurmin gaba ɗaya, in bar baƙin allo, in ce an kare shi. Na ce baƙin allo bai taɓa kai kowa bakin kogi ba. Ya ce tayyib, to me amfanin ɗauka in ba mai ji? Yayana ya tada mota. Kwana tara Muntasir bai yi mini magana ba. Amma faifan a rakodata yake, kuma ban tura wa kowa ba.

Na kira Anti Zulai a gida na ba ta labari, na kara mata rakodar a waya ta ji. Ba ta ce ai na gaya miki ba, ba halinta ba ne. Ta ce lokacin da take rediyo, kafin a buɗe wa mutum makirfo ana tambayar sa wa yake wa magana, in ya ce kowa da kowa, sai a ce ya koma ya sake tunani. Ta ce, “Wannan faifan, mutum nawa ya kamata su ji shi?”

Na ce ɗaya.

Na tambayi Baba Ojong ko Malam Tanko ya san abin da ake ajiyewa a jikin masallacinsa. Ya ce akwai wani ɗaki a baya da fatake ke sauke kaya tun zamanin goro, kuma a al'adar zango ba a tambayar baƙo abin da ke cikin kayansa. Ko tsohon ya sani ko bai sani ba, shi ba zai iya cewa ba. Abin da ya sani, makullin ɗakin yana aljihun Malam Tanko, kuma babu hanyar fitar da kaya daga kogin nan sai ta zangon. In ɗakin ya rufu, in tsohon ya faɗi magana ɗaya bayan sallah, mai tarko ba shi da inda zai ɓoye akwati mai ihu. Na ce to ya kai masa faifan. Ya yi dariya.

“Hajiya, ni ba na sallah, ga kakin gadi a jikina. In na shiga zango da rakoda, kafin in zauna an ce na zo kamun mutane. Amma a ce baƙuwa ta zo daga Madina, sabuwar tabarma za a shimfiɗa.”

Shi tsuntsun Jurf ba zai koma ba. Na tambaya. Ba shi da takarda, ba shi da gashi, kuma ba wanda ya san ciwon da zai kai wa sauran. Ummu Faisal ta mayar da shi ɗaki mai taga, ta sa masa reshen itace. Har yanzu in an kira la'asar yana yi.

To ku da kuke son koyo, ku juya allo ya kalli bango, ku saurari minti ɗaya sau goma sha ɗaya, ku rubuto mini abin da kuka ji. Wadda ta ce tsuntsaye da ruwa, kada ta sake turo saƙo. Sai dai ba zan amsa ba sai bayan wata biyu, don ba na nan.

Mahaifina ya ƙi sau biyu, a na uku ya ce in yayana zai bi ni, to. An buga mana bizar fita da dawowa. Muntasir ya dawo yana magana, ya ce zai zo ya ɗauki tafiyar, na ce ko wayarsa ba za ta zo ba. Babu kyamara a jakata. Rakoda ce, da samma'a, da dabinon ajwa na gaisuwa, da maganin tari. Zan sauka a zangon in gaida Malam Tanko yadda ake gaida tsoho, in jira ya idar da la'asar. Sannan yayana ya ɗora masa samma'ar a kai. Ba zan yi masa bayani ba, ba zan ɗora murya a kai ba. Zan kunna tun daga ƙwanƙwasa ukun, in bar shi ya tafi har ƙusar, sannan in tambaye shi makullin.